Garin da ke Cikina

A Aliero da buhu aka san ni.
Ni ne Arzika, mai ɗora albasa a tirela,
buhu a ka, barkwanci a baki,
kafin hantsi mun cika rabin mota.
Yau buta ta fi ƙarfina.
In na kai ta bayan gida na dawo,
sai in kwana biyu ina biyan bashin tafiyar.

Ba zazzaɓi ba ne, an gwada.
Ba shawara ba, ba ciwon suga ba.
Jini lafiya lau, in ji takarda.
To wace irin gajiya ce wagga
da barci ba ya wanke ta?
Da ita nake kwana, da ita nake tashi,
kamar rigar da aka ɗinke da fatata.
Abokan dako suka ce son jiki ne.
Gwaggo ta ce sammu, ta aiko da rubutu.
Na shanye. Allah ya saka mata.

A Birnin Kebbi Likita Hajo ta ajiye biro,
ta ce, “Me kake ci?”
Na yi dariya, dariyar ma ta ci mini ƙarfi.
Shayi da burodi da safe,
taliyar leda da rana, lemun kwalba mai raɓa.
Mai gajiya ba ya jiran tukunya.

Ta ce, “Akwai gari a cikin hanjinka.
Mazaunansa ido bai ganin su,
sun fi mutanen Kabi yawa,
abin da ka haɗiye shi ne kasuwarsu.
Wasu dusa da ganye suke so,
wasu zaƙi kawai suke jira,
wanda ka ciyar shi ke kafa unguwa.
Ban ce su suka kwantar da kai ba,
mu ma bincike bai kai mu gaci ba.
Amma gwada ka sauya musu cefane.”

Na dawo a motar Jega ina dafe da ciki,
mai unguwar da bai san jama'arsa ba.
Shekara arba'in da baƙi a gidana
ban taɓa ce musu sannu da zuwa ba!

Tumba ta sauko da tsohuwar ƙwarya.
Fura da kindirmo, ba sukari.
Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli,
wake da ɓawonsa, rama mai ɗan tsami,
miyar kuka da daddawar da maƙwabta za su shaida.
Sai albasa.
Albasar da na yi shekaru ina sallamawa kudu,
mutanen cikina na jin warinta
tana wucewa ta bisa kansu.

Makon farko gari ya yi bore.
Ciki ya yi ta kiɗa ba makaɗi,
iska ta mayar da ni sahun baya a masallaci.
Na ce a bari haka nan.
Tumba ta ce, “Sababbin 'yan haya ne ke shigo da kaya,
a yi musu haƙuri.”

Ban warke ba. Kada a kai labari.
Buhu na nan a tasha yana kallona,
ni ma ina kallonsa.
Akwai ranakun da tabarma
ke riƙe ni kamar danƙo har magariba.
Amma kumburin ya sauka,
gajimaren da ke kaina yakan ɗan ja gefe da la'asar.
Jiya na taka har rumfar dillalai,
na zauna, na ƙirga wa yara buhu goma sha bakwai
ban ɓata lissafi ba.

Yanzu in an ajiye akushi
nakan yi bisimilla, in ɗan dakata.
Tumba ta ce, “Wa kake jira?”
Na ce, “Mutanen gari.
Bari su wanke hannu.”